Su sun ja bututun gas don gashin nama, mu muna nan da itace

Maƙwabcina a nan Houston ta Amurka ya sa aka ja masa bututun iskar gas zuwa bayan gida, don kawai murhun da yake gasa nama ranar Lahadi. Ina tsaye ina kallon aikin sai ya ce da ni: "Ai ku a Najeriya gas ya yi muku yawa, kowane gida akwai shi ko?" Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma wallahi maganar ta soke ni.

Ku ji yadda aka yi. Kafin a sa diga, sai da ya kira lamba 811 ta masu nuna abin da ke binne a ƙasa, aka zo aka kafa ƴan tutoci a farfajiyar: ruwan ɗorawa inda bututun gas ya bi, ja inda wayar lantarki take, shuɗi na ruwa. Ya karɓo izini daga hukumar gari, ya ɗauko mai aikin famfo mai lasisi. Aka haƙa rami wajen inci 18, aka shimfiɗa bututun roba daga jikin mita, da ƴar siririyar waya a gefensa don a gano shi nan gaba. Ba a rufe ramin ba sai da aka cika bututun da iska, jami'i ya zo ya duba agogon awon iskar ya ga bai sauka ba. Kowace mahaɗa sai da aka shafa mata ruwan sabulu a ga ko za ta yi kumfa. Duk wannan hidima don nama!

Gaskiya dai naman nasu bai kama ƙafar balangun Sakkwato ba, babu ƙamshin hayaƙi, babu yajin ƙuli. Wannan na yarda. Amma mahaifiyata da ke unguwar Mabera a Sakkwato ba don ƙamshi take hura itace ba. Tukunyar gas na nan a kicin, cika ta ne ya gagari mutane, sai a koma gawayi, ido na ruwa, ƙirji na ciwo.

Ƙasar da ke da gas sama da kubik fit tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa, har ana ƙona wani a banza a Neja Delta. A 2020 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta ya ratsa Kaduna ya tsaya Kano. Mu Sakkwato fa? Mu ne a bakin hamada, mu ne ba mu da bishiyar da za mu yi asara, kuma mu ne babu sunanmu a hanyar.

Ina yaro akwai gawo da marke birjik a hanyar ƙauyenmu, muna hutawa ƙarƙashinsu in mun dawo kiwo. Zuwana gida na ƙarshe, fili ne fetal. Ƴan uwa Sakkwatawa, in masu neman kujerar majalisa sun zo yaƙin neman zaɓe, ku tambaye su yaushe bututun zai wuce Kano ya iso mana.