Wa ke tambayar tsoho ƙarfe nawa yake so ya tashi?

Daga watan Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe biza ga masu aikin kula da tsofaffi zuwa Yulin 2025 da ta rufe ta, 'yan Najeriya suka yi ta tafiya, cikinsu har da wata ƙanwata da ke aiki a wani gidan tsofaffi a arewacin Ingila. Duk sanda muka yi waya na ce mata ya mutanen naki, amsar ɗaya ce, Yaya ba abin da suka rasa fa, ga gado mai rimot ga hita ga magani a kan lokaci, amma wallahi wasu in ka kalli idonsu ka san sun riga sun sallama.

Na jima ina juya maganar nan a raina, kuma a ganina abin da aka karɓe musu shi ne iko da wuninsu. A tashe ka da sassafe ko barci bai ishe ka ba don ma'aikaciya ɗaya ce da mutane da yawa a wuyanta, a yi maka wanka ranar da jadawali ya ce, a tura ka gaban talabijin kan tashar da wani ya zaɓa, kai da ka shekara 40 kana riƙe da gida yau ko gishirin miyarka ba ka da ta cewa a kai.

Kuma ba zancen tausayi kawai nake ba. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Aka raba tsofaffin kashi biyu, kashi ɗaya aka ce su zaɓi shuka su riƙa ba ta ruwa da kansu, su zaɓi daren da za su kalli fim, ɗaya kashin aka ba su shukar amma nas ce ke kula da ita. Bayan wata 18, kashi 15 cikin 100 na masu zaɓi ne suka rasu, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 30. Mutanen ba su kai 100 ba, rai kuma na Allah ne, amma dai shuka ce fa kawai a tukunya.

A Holan sun ɗauki abin da gaske. Hogeweyk da ke Weesp kusa da Amsterdam, da aka buɗe a 2009 don masu ciwon mantuwa, unguwa ce sukutum, mutum shida ko bakwai a gida ɗaya, da kanti da gidan abinci, ma'aikata ba sa saka yunifom, tsohuwa ta fita ta yi cefane ta dawo a dafa da ita. Na san za a ce to in ya faɗi ya karye fa, kuma kuɗin wa zai ɗauki wannan? Batun kuɗi gaskiya ne, don duk gidan da ya rage ma'aikata saboda riba, hira da tsoho ce farkon abin da ke tafiya. Amma faɗuwa kam, ni na fi yarda a bar dattijo ya taka da sandarsa ana biye da shi, da a zaunar da shi kan kujera wuni guda don kada a yi ƙarar gidan.

Mu kuma da muke bugun ƙirji cewa ba ma kai iyayenmu irin gidajen nan, mu duba da kyau. Sau nawa muka ce Baba zauna ka huta, muka karɓe makullin sito, muka sayar da awakin Inna wai suna wahalar da ita, muka ɗauko ta daga ƙauye muka sa a ɗaki mai AC a birni inda ba ta san kowa ba, ba mai shigowa gaisuwa, ba mai neman shawararta ko kan sunan jariri? Ƙanwar tawa ta ce akwai wata tsohuwa a wajensu da ba ta magana da kowa sai an kawo tawul daga wanki, ita ke ninkewa, shi ya sa yanzu ko sauri take yi sai ta ajiye mata kwandon a gabanta ta wuce.