Nasiha: Da a ce 'yan Baikin sun karɓi bishara da wuri

'Yan'uwa cikin Ubangiji, akwai tambayar da masu sha'awar tarihi suke yawan yi game da 'yan Baikin, mayaƙan tekun nan na ƙasashen Denmak da Norwe da Suwidin. Sukan ce, da a ce mutanen nan sun karɓi bishara tun da wuri, da ba su dira tsibirin Lindisfan na Ingila a shekarar 793 sun kashe sufaye sun kwashe kayan majami'a ba, da kuma Turai ta huta da hare-haren fiye da shekara 200. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciyata, kuma ina ganin ta ɓoye wani zato mai haɗari, wato cewa da zarar an yi wa mutum baftisma halinsa ya gyaru.

Ai an gwada tun da wuri. A shekarar 826 aka yi wa Haral Kilak, ɗaya daga cikin masu neman sarautar Denmak, baftisma a birnin Mainz tare da iyalinsa da mutanensa, domin yana neman goyon bayan Luwis, sarkin Farankawa masu mulkin ƙasashen Faransa da Jamus na yau. Shekara guda bayan haka abokan hamayyarsa suka kore shi daga ƙasar, abin bai yi saiwa ba. Wani sufi mai suna Notka ya rubuta cewa a zamanin Luwis mutanen arewacin Turai sukan zo fada a yi musu baftisma saboda farar rigar da ake bayarwa. Wata shekara suka yi yawa, riguna suka kasa, aka harhaɗa musu wasu cikin gaggawa, sai wani tsoho ya dubi tasa ya fusata, ya ce sau ashirin ke nan ana yi masa wannan wanka, kullum kuwa ana ba shi riga mai kyau, amma yau an miƙa masa buhu. Duk lokacin da na tuna tsohon nan gabana yakan faɗi, domin ina jin tsoron kada ni da kai mu zama masu zuwa sujada don riga, don aiki, don aure ko don a san da mu, alhali zuciya tana nan yadda take.

Ko bayan da Sarki Haral Bulutut ya karɓi bangaskiya wajen shekarar 965, har ya sa aka sassaƙa a jikin dutse a Yelin cewa shi ne ya mai da mutanen Denmak Kirista, takobi bai koma kube ba. Ɗansa Suwen ya ci Ingila da yaƙi a 1013, Kanut ɗan Suwen ya sake cin ta a 1016. Sunan addini ya riga ya sauya, hannu bai bar abin da ya saba ba.

Wanda ya kamata mu duba shi ne Ansgar, mai bisharar da ya bi Haral Kilak zuwa arewa, ya kuma isa Birka ta Suwidin wajen 830. A 845 'yan Baikin suka ƙone Hambog, mazauninsa, majami'a da littattafansa suka zama toka, da kyar ya tsira. Bai yi zuciya ba. Ya koma wurin mutanen da suka yi masa wannan ɓarna, ya fanshi waɗanda aka kama bayi, ya yi ta lallashin sarakuna har aka yarda masa ya gina majami'a a Hedebi da Ribe, har ma aka bari a buga ƙararrawa. Ya rasu a 865, shekara ɗari kafin tuban Bulutut, bai ga girbin da ya yi wa wahala ba. Manzo Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne ya sa tsiron ya girma. Kai da ka gaji da yi wa ɗanka ko maƙwabcinka addu'a, kana cewa da a ce ya tuba tun bara, ka koma ga gwiwoyinka, ka bar wa Mai gona lissafin lokaci.

Daga wannan ƙasa ta Denmak ɗin ne likita Niels Bronum ya taso ya sauka Numan a 1913, shekara 1,048 bayan rasuwar Ansgar, kuma daga aikin da ya fara a bakin Binuwai ikkilisiyar Lutheran ta Kristi a Nijeriya, wato LCCN, ta tsiro.