Kwalin taba marar hoton gargaɗi bai fi lafiya ba

A unguwannin Nima da Mamobi da ke birnin Accra na Ghana akwai masu shan taba da ke neman kwalin da ba shi da hoton huhu ko baki da ya ruɓe, saboda sun ɗauka cewa irinsa ya fi sauƙin illa, tunda da yana da haɗari da an manna masa hoto. Wannan kuskure ne da ke damuna ƙwarai, domin na ga saurayi a gaban teburin mai sayar da sigari yana ture kwali mai hoto gefe, yana cewa a ba shi “mai tsabta”.

Dokar lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012 da ƙa'idojin taba na 2016 sun wajabta gargaɗi a kan kowane kwalin da za a sayar a ƙasar, kuma tun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta sa ya zama da hoto. Dokar ba ta ware taba mai ƙarfi daga mai sauƙi ba. Saboda haka kwalin da ya zo babu hoton, galibi ta hanyar fasa-ƙwauri ya shigo, bai bi ta hannun hukuma ba.

Hayaƙin da ke cikin kwalayen biyu kuwa iri ɗaya ne: yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu suna haddasa ciwon daji, kuma yaran da ke zaune a ɗakin suna shaƙarsa tare da mai shan.