Wai wasan yara nake yi da furfurata

Ranar Asabar da ta wuce wani aminina ya shigo gidana a Tudun Wada bayan la'asar, ya tarar da ni duƙe a kan tebur, tabarau a karan hanci, hantsaki a hannu, ina fama da madubin gefe na wata mota da tsawonta bai kai tafin hannuna ba. Ya tsaya ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Malam, lafiya kuwa? Da furfurarka kake wasan mota?" Uwargida daga kicin ta ɗago murya, "Alhaji, gara da Allah ya kawo ka ka gani da idonka, ni kam bakina ya gaji." Muka yi dariya, aka kawo ruwa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa yau zan ɗan ja ku da nisa. Mai sauri ya wuce abinsa, ba zan yi fushi ba.

Ga wanda bai san abin ba, akwai kamfanoni irin su Tamiya da Aoshima da Hasegawa a Japan, da Italeri a Italiya, da Heller a Faransa, waɗanda sana'arsu ita ce su auna mota ta gaske ciki da waje, su ƙanƙantar da ita, su zuba ta da roba gunduwa-gunduwa. In ka buɗe kwalin ba mota za ka gani ba. Wasu rassan roba za ka tarar, ƙananan kaya na manne a jikinsu kamar 'ya'yan kanya, kowanne da lambarsa: ga kujera, ga sitiyari, ga lagireto, ga salansa, ga gilashi, ga tayoyi a ƙulle daban. Wani kwalin kayan cikinsa sun haura 100. Sai takarda mai zane da ke nuna maka wanne ke hawa kan wanne. Yanka, guga, manni da fenti duk naka ne. Ma'aunin da aka fi yin motoci da shi 1:24 ne, wato kowane santimita 24 na babbar mota ya dawo santimita 1. Fijo 504 mai tsawon kusan mita 4 da rabi, a wannan ma'auni santimita 19 ce ko ƙasa kaɗan.

To a ce ɗan wani gari ne ya yi mini dariya, da na yi masa uzuri. Amma ɗan Kaduna? Me aka yi shekara da shekaru ana yi a Kakuri? Tun 1975, zamanin Janar Gowon, kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a garin nan. Kayan 404 da 504 a kwance suke zuwa daga Faransa cikin akwatuna, akwai ma lokacin da jirgin sama ke kwaso su daga birnin Lyon ya sauke a Kano, a loda wa manyan motoci su gangaro da su Kaduna. Kawuna ya yi aiki a can. Abin da yake yi kullum ke nan: a buɗe akwati, a duba lamba, a bi zane, a ɗaure. Ba wanda ya taɓa ce masa ɗan wasa. Da albashin nan ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, kuma duk ranar da ya ga 504 a titi sai ya ce wataƙila hannunsa ne ya ɗaura mata ƙofa. An ci gaba da haɗa motar nan a Kaduna har wajen 2006, shekaru da yawa bayan Faransawa da kansu sun daina ƙera ta a ƙasarsu. Ni ɗin nan aikin kawu nake yi, sai dai masana'antata ba ta wuce faɗin teburin cin abinci ba, kuma ba mai biya na a ƙarshen wata.

Ta farko da na haɗa Volkswagen Beetle ce ƙirar 1966 ta Tamiya, wadda wani ƙanina ya yo mini tsaraba. Na lalata ta sarai. Na ɗauko sufa gulu na manna gilashin gaba, washegari na tarar ya yi fari fat kamar idon da ya yi yana, domin tururin gam ɗin yana kama robar mai haske. Daga baya na gane cewa gam ɗin da aka yi musamman domin wannan aiki ba manni yake yi irin wanda muka sani ba, narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, sassan biyu su zama abu guda, kamar walda. Digo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa, in ka cika shi ya cinye maka kayan. Gilashi kuwa farin gam na kafintoci ake sa masa, wanda in ya bushe yake komawa garau kamar ruwa.

Fenti ne ya fi koya mini hankali. Ku lissafa da kanku: abin da kaurinsa milimita 1 ne a jikin ƙaramar mota, daidai yake da milimita 24 a jikin babba, kusan inci guda ke nan. Saboda haka ƙwayar ƙura ɗaya da ta sauka a kan boneti tana ɗanye, tamkar ka ɗauki tsakuwa ka dasa a bonetin motarka ne. Yanzu ku tuna Kaduna a watan Disamba da Janairu. Turawan da ke koyar da abin nan a YouTube ba su san hunturu ba. Na yi feshi a tsakar gida wata safiya, kafin na wanke hannu motar ta koma kamar an barbaɗa mata yajin tsire. Na ce to bari damina ta zo. Damina ta zo da nata salon: a markar Agusta laimar iska takan sa fentin ya bushe da wani hazo-hazo, ƙyallin ya mutu. Dabarar da na tsaya a kai ita ce in yayyafa wa ƙasan ɗakin ruwa, in fesa siriri-siriri sau uku maimakon mai kauri sau ɗaya, in yi maza in kifa babbar robar abinci a kai, in manta da ita kwana biyu. Robar ma ta uwargida ce, kuma har yau maganar ba ta mutu ba. Bayan ya bushe a bi shi da samfefa mai laushi, lamba 1000 zuwa 2000, a jiƙe. Wani abu kuma, fentin gwangwani na feshi da ake sayarwa a kasuwa yana da zafi, wani yakan ci roba ta yamutse, don haka sai an fara shimfiɗa fentin ƙasa, kuma a gwada a bayan cokalin roba kafin a kusanci mota.

Duk wannan share fage ne. Inda na sha bamban da yawancin masu wannan sha'awa shi ne a kan abin da ya cancanci a haɗa. Ka shiga zaurukansu na intanet, Ferrari ce, Porsche ce, Lamborghini ce, kowacce tana sheƙi kamar ba a taɓa taka ƙasa da ita ba. Hannunsu ya faɗa, ban musa ba. Amma ni mutumin da ya bi takarda daga shafin farko zuwa na ƙarshe ya fito da abin da ke jikin kwali, a wurina ɗan makaranta ne da ya iya kwafe allo. Ya yi ƙoƙari, a shafa masa kai. Aikin yana farawa ne ranar da ka ajiye takardar ka ce motar da ke cikin kaina nake so, ba wadda ke cikin kan Bajapane ba. Ni kuwa motar da ke cikin kaina tana tashar Kawo, bayanta ya zauna saboda lodi, ɗan kamasho yana dukan rufinta yana cewa saura mutum ɗaya.

Ita ce Alhaji ya tarar ina yi. Fijo 504 wagon, mai kujeru layi uku. Na samo ta a haɗe, ta ƙarfe, ma'aunin 1:43, tsawonta santimita 11 da 'yan kai, fara tas kamar amarya. Na kwance ta, na wanke fentin, na fara mayar da ita 'yar gida. A nan ne na gane ba abin da ke cikin kowane kwali da zai taimake ni. Ba kamfanin da ke sayar da kariyar ɗora kaya irin tamu, ko buhun masara, ko tsagewar gilashi da aka danne da sitika. Sai na tsinci hannuna yana komawa inda ya fito.

Mu da muka tashi a shekarun 1980, wa ya taɓa saya mana mota? Mu muke ƙera abinmu. Ƙanana su fara da motar kara, a fere karan dawa, a soke totuwa da sille. In ka ɗan tasa ka koma motar gwangwani da ta langa-langa: gwangwanin madara a buɗe shi a daddaƙe, tsohon silifas a yanka taya, doguwar waya ta zama sitiyari kana tafe kana tuƙi kana ƙugin inji da baki. Ba takarda, ba ma'auni. Bakin titi muke zuwa mu zura wa mota ido har mu haddace ta. Yaron da ya iya fitar da karyewar nan ta but ɗin 504, wadda ke tafiya a miƙe sai ta gangara, shi ne sarki a layinmu, har hayar motarsa ake yi da alawa. Ina amsa laifina, lokacin da na fara samun kayan Japan na riƙa yi wa wancan zamani kallon talauci. Wagon ɗin nan ce ta kunyata ni.

Kariyar da wayar tagulla na yi ta, wadda na roƙa wurin mai gyaran fanka. Buhuna kuwa takardar tishu ce na jiƙa da farin gam, na naɗe, na ɗaure da zaren ɗinki. Ƙurar jikinta jar ƙasa ce ta gaske, na tankaɗe da tsumma na shafa da busasshen buroshi. Na goge ƙasan tayoyin kaɗan da samfefa don su nuna nauyi, na sassauta ƙafar baya ta zauna. Ƙofa ɗaya na ba ta launi daban, domin kun san direban da aka buga wa ƙofa ba ya jiran fenti, wadda ya samu yake ɗaurawa. Da zan yi tsatsa sai na tafi tsohuwar Panteka wurin wani dattijo mai gyaran bodi, na ce, "Baba, ta ina tsatsa ke fara cin Fijo?" Ya dube ni kamar zai kore ni, da na nuna masa 'yar motar sai ya ajiye guduma. Ya ce in duba ƙasan ƙofofi da bakin mazaunin taya da gindin gilashi, duk inda ruwa ke kwanciya. Ya riƙe ta a tafinsa ya fi minti goma yana juyawa, yaransa sun kewaye mu. Da zan tafi ya ce, "Ɗana, in ka gama ka kawo in gani." Carbin da ke rataye a madubi shi ya ci mini dare biyu. Direba dai ban sa ba, ko a kwalayen da ke zuwa da ɗan mutum-mutumi a ciki nake barinsa, kada a ja ni muhawarar da ba fagena ba. Mota ba ta da rai, a nan na tsaya.

Akwai inda masu suka suke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye ba. Abin yana cin kuɗi. Ni dai duk yawona a Kaduna ban ci karo da shagon da ke sayar da irin kwalayen nan ba, daga waje ake yo oda, da dala, wani lokaci kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan. Tun da naira ta faɗi a 2023 na koma sayen ɗaya ko biyu a shekara. Akwai wanda na jira wata biyu, ya iso rufin motar a murƙushe, ban san a hannun wa ya gamu da ajalinsa ba. Magidancin da kuɗin makarantar yara ke wuyansa ba zan ce masa ya shiga wannan harka ba. Sai dai ina lura, mai kiwon tattabaru yana zuba kuɗi a dawa da magani, mai doki ya fi shi, mai kallon ƙwallon Turai yana biyan kati duk wata yana kwana da hawan jini saboda Arsenal, ba wanda ya ce musu yara. Mu a wurinmu da zarar babba ya zauna yana ƙera abu da hannunsa ba don sayarwa ba, sai a fara tambayar ko lafiyarsa ƙalau. Ina zargin irin wannan kallon ne ya sa gwanayen motar langa-langa na layinmu suka watsar da hannunsu da zarar gemu ya fito, alhali su ne ya kamata a ja zuwa ajin zanen injina a Kaduna Poly.

Yaran unguwa yanzu sun gano ni. Ranar Lahadi sukan taru a zaure, ba na ba su kayan Japan, gwangwani da waya da almakashi nake zube musu, sai rula guda. Sharaɗina ɗaya ne: kafin ka yanka, je ka auna motar gaske da igiya, ka raba da 24. Wani ɗan aji biyar da ake cewa ba ya gane lissafi, shi ne yanzu yake yi wa sauran rabawa, kuma ya ƙera a-kori-kura da ƙofar baya mai buɗewa. Babban burina gingimari ce mai bodin katako da zanen dawisu a baya. Katakon ba matsala, sandunan askirim sun isa, tayoyin ne har yanzu ban samo abin da zai yi su ba.

Shi kuwa Alhaji, da aka kira magariba ya miƙe zai tafi, sai ya ɗauki wagon ɗin ya kai ta kusa da fitila. Ya yi shiru. Ashe mahaifinsa ya yi shekaru yana jan irinta tsakanin Kaduna da Zariya, shi kuma yana yaron mota lokacin hutu. Can sai ya ce, "Malam, kariyar nan ba daidai take ba. Ta Baba ƙafa uku gare ta kowane gefe, kai biyu ka yi. Kuma ina galan ɗin ruwa? Ba direban da zai kama hanya ba galan a but." Na ce gam ya riga ya kama. Ya ce in ɓalle, zai dawo ranar Asabar ya duba.

Jiya da daddare na ɓalle ta, fentin rufin ya ɗan tashi a wuri biyu.