Kafin a yi maganar kashe tsohon rediyo, a tambayi mutumin Ɗansadau

Maganar mayar da rediyo kan tsarin dijital ta daɗe tana yawo a bakin masana harkar yaɗa labarai, kuma duk lokacin da wata ƙasa ta Turai ta ɗauki wani mataki a kai sai ta sake tasowa a nan gida. Masu goyon baya suna cewa duniya ta yi gaba, bai kamata a bar mu a baya ba. Ni kuwa ra'ayina shi ne, a jiha irin Zamfara, duk wanda ya sa ranar kashe zangon FM ko matsakaicin zango kafin sabon akwatin rediyo ya shiga hannun talaka, to ya toshe wa mutanen karkara kunne ne, ko da da kyakkyawar niyya ya yi.

Masu wannan kira suna da hujja, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Zangon FM ɗan ƙaramin fili ne, daga mita 87.5 zuwa 108 a ma'aunin megahaz, kuma kowace tasha sai an yanka mata nata gurbi da 'yar tazara tsakaninta da maƙwabciyarta. A birni kamar Legas filin ya kusa cika. Tsarin DAB+ da ake amfani da shi a Turai yana ɗora tashoshi goma sha wani abu a kan mita ɗaya, kamar motar haya guda da ta kwashi fasinjoji da yawa, kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Kuɗin wuta da na man janareta sai ya ragu wa kowace tasha, murya ta fito tas ba shuuu, sunan tasha da ɗan rubutu su bayyana a fuskar akwatin. Akwai kuma tsarin DRM, wanda aka ƙirƙira don gajeren zango da matsakaicin zango, kuma Indiya ta rungume shi a tashoshin gwamnatinta. Mu ma Muryar Najeriya ta kafa na'urorin da za su iya watsa shiri da shi a Lugbe da ke Abuja tun 2012. Babu wanda ke musun ingancin fasahar.

To amma wace matsala ce tamu da za ta warware? A Gusau ba cunkoson tashoshi ke damun mu ba. Murɗa akwatinka daga wannan gefe zuwa wancan, za ka tarar fili ne fetal, tashoshin ba su taka kara sun karya ba. Abin da ke damun mai sauraro a nan shi ne tashar ta kai gare shi, kuma idan ta kai kada ta ɗauke ana tsakiyar labarai saboda wuta ta tafi kuma babu mai a janareta. Jihar tana da ƙananan hukumomi 14, wasu garuruwan suna can cikin daji bayan duwatsu, nesa da babban birni. Ɗansadau kaɗai ta kai kimanin kilomita 100 daga Gusau.

A nan ne bambancin tsarin biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ne abin da ba a cika bayyana wa jama'a ba. Tsohon tsari idan nisa ya yi yawa, muryar raguwa take yi a hankali. Za ka ga dattijo a ƙauye ya ɗaura siririyar waya a kan eriyar rediyonsa, ya ja ta ya maƙala a jikin kwanon ɗaki ko reshen darbejiya, ya karkata akwatin gefe guda, ya kafa kunne. Ana shuuu, ana ƙara, amma ya ji an ce an buɗe hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ya ji ranar da za a fara rabon taki, ya ji sanarwar ganin wata. Dijital ba ya wannan sassauci. Ko dai siginar ta kai ƙarfin da ake buƙata ka ji tangaran, ko kuma ta gaza ka ji tsit. Mutumin da ke bakin iyakar inda tasha ke kaiwa, wanda yau yake samun rabin murya, gobe ba zai sami komai ba. Ga shi kuma DAB+ yana aiki ne a mitar da take sama da ta FM, tsakanin megahaz 174 da 230, saboda haka ana buƙatar turakun watsawa da yawa kafin a game ƙasa mai faɗi. Wa zai kafa su a dajin da ma'aikacin lafiya ma ke fargabar shiga, wa kuma zai riƙa kai musu mai?

Sai maganar akwatin kansa. Duk rediyon da ke rataye a teburin mai shayi, da wanda manomi ke sagalewa a kafaɗa zuwa gona, da na cikin motocin haya, da wanda ke cikin ƙaramar waya mai tocila, babu ko ɗaya da zai kama dijital. Ba gyara za a yi musu ba, sabo za a saya. Sabon ya fi tsada, ya fi cin batir, kuma idan ya lalace mai gyaran rediyo na kasuwar Talata Mafara ko Ƙaura Namoda, wanda ya saba da buɗe akwati ya canza 'yar ƙwaya ya liƙe da dalma, ba lallai ya san kansa ba. Magidancin da ke shanya tsohon batir a rana don ya ƙara masa kwana ɗaya, shi za a ce ya jefar da abin da ke hannunsa ya sayi wani?

Mun ga amfanin wannan tsohon akwati da idonmu. A farkon Satumban 2021, bisa buƙatar gwamnatin jiha ta lokacin, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a faɗin Zamfara don a samu damar yaƙar 'yan bindiga. Gusau ta yi kusan wata guda babu sabis, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mutane suna hawa mota har Funtuwa don kawai su buga waya ko su tura kuɗi. Babu Facebook, babu WhatsApp. A waɗannan watanni rediyo ne ya riƙe jama'a, na gida da na ƙetare irin su BBC Hausa da DW da RFI a gajeren zango. Wanda ya rayu a cikin wannan yanayi ba zai yarda a yi wasa da hanyar da ba ta buƙatar data, ba ta buƙatar layi, sai batir biyu kawai.

Akwai wani abin da nake ganin ya kamata 'yan jarida su fi kowa lura da shi. A Oktoban 2022 gwamnatin jihar ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai, ciki har da Pride FM da NTA Gusau, saboda sun ɗauko labarin wani taron siyasa, har hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, NBC, ta fito ta ce matakin ya saɓa doka. A lokacin sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin kowa da na'urarsa. Idan duk tashoshin gari suka koma kan na'ura guda, to ƙofa ɗaya za a garƙame gari ya yi shiru. Duk wata doka da za a rubuta kan rediyon dijital dole ta fayyace hannun wa wannan makulli zai kasance.

Su kansu ƙasashen da ake kafa mana misali da su ba gaggawa suka yi ba. Norway ce ƙasa ta farko da ta kashe FM na tashoshinta na ƙasa, a 2017, amma tun 1995 take watsa dijital, wato fiye da shekara 20 ana tafiya da tsarin biyu tare, kuma duk da haka ta bar wa ƙananan tashoshin yankuna FM ɗinsu. Ingila ma a 1995 BBC ta fara, kuma a 2021 gwamnatinta ta ce FM zai ci gaba aƙalla har 2030. Finland ta gwada ta rufe a 2005, gidan rediyon gwamnatin Ireland ya rufe nasa a 2021. Waɗannan mutane ne masu wuta dare da rana. A nan Afirka ta Yamma, Ghana gwaji kawai ta fara a 2023, a Accra da Kumasi, ba ta taɓa FM ba.

Mu kuma muna da namu darasin a talbijin. Yarjejeniyar Geneva ta 2006 ta sa 17 ga Yunin 2015 a matsayin wa'adin barin tsohon tsari. Najeriya ta sa wa kanta 2012 ta kasa, 2015 ta zo ta wuce, 2017 ma haka. An ƙaddamar da talbijin na dijital a Jos a 2016, aka bi da Abuja da Kaduna da wasu 'yan jihohi, Legas da Kano sai 2021. Abin da ya riƙa kawo cikas shi ne kuɗi da dikodar da za ta shiga gidajen mutane. Kuma a sani, wancan wa'adi na talbijin ne. Babu wata yarjejeniyar duniya da ta tilasta wa kowace ƙasa kashe FM, don haka kada wani ya razana mu da cewa lokaci na ƙurewa.

Ba cewa nake a rufe ƙofa ga sabuwar fasaha ba. Idan za a gwada, ni DRM a matsakaicin zango nake ganin ya fi dacewa da ƙasa mai faɗi da ƙauyuka warwatse irin tamu, domin na'ura ɗaya tana cin nisa mai yawa, kuma tsarin yana da hanyar aika gargaɗin gaggawa, abin da kowa ya san amfaninsa a inda ake kai hari cikin dare. Amma a yi shi tare da tsohon, kada a saki reshe a kama ganye. A fara da akwati: a cire masa harajin shigowa, a nemi mai caji da hasken rana wanda ke kama FM da gajeren zango da dijital gaba ɗaya, a koya wa masu gyara aikinsa. Sai an ga yana tafiya a kasuwar ƙauye da kuɗin mutane, ba rabon 'yan siyasa ba, sannan a zauna a yi maganar ranar kashe tsohon tsari.

Kafin nan, kuɗin da ke hannu a zuba shi inda ciwon yake. Gidan rediyon jiha ya samu wutar sola da za ta riƙe na'urarsa ba yankewa. A kafa ƙananan turakun FM da za su miƙa shirye-shirye zuwa yankunan Anka da Gummi da Shinkafi da Ɗansadau. Hukumar NBC kuma ta sauƙaƙa lasisin rediyon al'umma, ta yadda ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma da makiyaya za ta iya buɗe tashar da za ta yi magana da Hausa da Fulatanci kan farashin hatsi, rigakafin yara, da hanyar da ke da lafiya a bi ranar kasuwa.