Abin da ba a nuna ba shi ne ke tsoratarwa

Yawancin finafinan ban tsoro da ake fitarwa a yau razana mai kallo kawai suke yi, kuma a ganina wannan ita ce hanya mafi arha da darakta zai bi. Dabarar sananniya ce: a ɗauke sauti, a bar allo cikin duhu na ɗan lokaci, sai kwatsam wata mummunar fuska ta faɗo tare da ƙara mai kashe kunne. Dole jiki ya zabura, domin ko ƙofa ce iska ta buga da ƙarfi haka zai yi. Amma nan da nan mutum yake ajiyar zuciya ya koma daidai, idan kuma aka yi ta maimaitawa sai abin ya daina tasiri gaba ɗaya.

Tsoron da ke bin mutum har kan gadonsa yana samuwa ne daga zullumin jira. Mai kallo ya san akwai wani abu a cikin gidan, bai san siffarsa ba, bai san ta inda zai ɓullo ba, saboda haka ƙwaƙwalwarsa ce take ƙera masa dodon, kuma tana ƙera shi ne da abin da shi kansa ya fi tsoro tun yana yaro. Babu mai kwalliya ko gwanin kwamfuta da zai iya yin wannan aikin. Fim ɗin Jaws na 1975 hujja ce a nan. Kifin shak na inji da aka ƙera domin fim ɗin ya yi ta lalacewa a cikin ruwan teku, lamarin da ya tilasta wa daraktan, Steven Spielberg, ɓoye shi a mafi yawan fim ɗin. Sai aka koma nuna ƙafafun masu iyo daga ƙarƙashin ruwa, da gangunan da kifin yake ja a saman teku, da kiɗan John Williams mai sauti biyu da ke ƙara sauri. Da injin ya yi aiki yadda aka so, ina kyautata zaton da fim ɗin bai kai inda ya kai ba.

Kunne ma yana da rabo babba, wataƙila fiye da ido. Mutum yana iya rufe idonsa, amma takun sawu a saman bene, ko numfashi a ɗakin da ya kamata a ce babu kowa, sai sun shiga. Wanda yake shakka ya kashe sautin fim ɗin da ya fi tayar masa da tsikar jiki ya sake kallo.

Abin da ya fi tasiri a kaina shi ne sanannen abu da ya ɗan karkace. A 1970 wani masanin mutum-mutumi ɗan Japan, Masahiro Mori, ya yi bayanin cewa muna ƙara sakin jiki da abin da aka ƙera gwargwadon yadda yake kama da mutum, har zuwa lokacin da kamar ta kusa cika amma ba ta cika ba, a nan sai sakin jikin ya rikiɗe ya zama ƙyama da fargaba. Shi ya sa 'yar tsana mai juya kai, ko uwa da ta tsaya cak a bakin ƙofa tana murmushin da ya wuce lokacinsa, suka fi dodo mai ƙaho da farata tayar da hankali. Daga dodo ana iya gudu zuwa gida, amma idan uwar ce da gidan suka sauya, ina za a nufa?

Duk wannan ba ya aiki sai mai kallo ya damu da mutanen da ke cikin labarin. Idan an tara wasu marasa kan gado ana yanka su ɗaya bayan ɗaya, jinin da ake kwararwa ƙyanƙyami yake jawowa kawai. Haka nan ina jin takaici idan fim ya gina fargaba da kyau, sannan a mintunan ƙarshe ya kawo wani ya zauna yana zayyana asalin fatalwar da dalilinta da maganinta, domin daga lokacin da aka san yadda za a kore ta, mai kallo ya daina jin tsoronta, jiran ƙarshen fim ɗin kawai yake yi.