Kyamara ta ga wutar, amma wa ya buga ƙofa?

Da misalin ƙarfe 6 da 'yan mintoci na yammacin 7 ga Janairun 2025 wuta ta tashi a kwazazzabon Eaton, a gindin duwatsun da ke arewa da birnin Los Angeles. Mutanen gabashin garin Altadena sun samu saƙon su bar gidajensu tun da farkon dare. Na yammacin titin Lake kuwa, saƙon bai iso musu ba sai bayan ƙarfe 3 na dare, lokacin da garwashi ya riga ya fara sauka a kan rufin gidaje. Kusan duk waɗanda gobarar Eaton ta kashe a wannan ɓangaren suke, unguwar da baƙaƙen fata suka daɗe da kafa gidajensu. Ihu bayan hari ke nan.

Ba rashin kayan aiki ya jawo haka ba. Jihar Kalifoniya na da kyamarori fiye da 1,000 a kan tsaunuka, ƙarƙashin shirin ALERTCalifornia na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, kuma tun 2023 aka haɗa su da manhajar da ke gane hayaƙi da kanta ta sanar da 'yan kwana-kwana. Taurarin ɗan adam na hango zafin wuta daga sama. Ido dai akwai shi, har ya yi yawa. Inda aka samu tangarɗa shi ne tsakanin wanda ya gani da wanda ke da ikon cewa a tashi.

Altadena ba ta da magajin gari nata, gundumar Los Angeles ce ke riƙe da ita. Hukumar kashe gobara ta gunduma ce ke fama da wutar, jami'an ofishin sharif, wato 'yan sandan gunduma, ne ke fitar da jama'a, wani ofishin daban kuma shi ke tura saƙon gargaɗi a waya. Dajin da ke bayan garin na gwamnatin tarayya ne, Pasadena da ke maƙwabtaka tana da nata 'yan kwana-kwana. Labari ɗaya sai ya bi ta hannu uku ko huɗu kafin ya isa kunnen tsohuwar da ke barci a ɗakinta. Binciken da gundumar ta sa aka yi, wanda ya fito a Satumban 2025, ya ɗora laifin a kan tsofaffin ƙa'idoji da ƙarancin ma'aikata da raunin sadarwa. 

Abin takaicin shi ne Kalifoniyar nan ita ta koya wa duniya wannan darasi. A 1970, cikin kwana 13, gobara ta cinye eka fiye da 500,000 a jihar, ta kashe mutum 16. Da aka zauna bincike sai aka tarar motoci da ma'aikata sun wadata, amma rediyon oba-oba na wannan hukuma ba ya kama na waccan, kuma kowa da sunan da yake kiran abu ɗaya. Daga nan aka kafa shirin FIRESCOPE, aka fito da tsarin da ke cewa duk inda wuta ta tashi, shugabanci ɗaya ne, harshe ɗaya ne, kowa ya san wa yake kai wa rahoto. A 2004 Amurka ta mai da shi tsarin ƙasa baki ɗaya. Kuma yana aiki: shi ya sa ma'aikatan da suka zo daga Meziko da jihohin maƙwabta suka iya shiga fagen Los Angeles ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Sai dai an gina shi ne don kashe wuta. Ɓangaren tayar da mutane daga barci bai samu irin wannan kulawar ba.

Wani zai ce ai iskar Santa Ana ce ta fi ƙarfin kowa. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan hujja. Busasshiyar iska ce daga hamada, 'yar uwar hunturunmu amma mai hauka, wadda a daren nan ta kai gudun kilomita 160 a awa a kan duwatsu, har aka dakatar da jiragen da ke zuba ruwa. A Pacific Palisades, wata unguwar Los Angeles inda wata gobarar daban ta tashi a ranar, famfunan kashe gobara sun ƙafe, ga tafkin Santa Ynez a bushe saboda gyara. Gidaje da gine-gine sama da 16,000 da suka ƙone a gobarar biyu, da wuya wata dabara ta cece su duka. To amma ceton gida daban, ceton rai daban. Iska ba ta hana a tura saƙo ba.

Fasahar ma kanta ta yi ɓarna inda aka sake ta babu linzami. Ranar 9 ga Janairu, saƙon ficewa da aka nufi wata unguwa da shi ya faɗa wayoyin mutum kusan miliyan 10. Wanda aka tsorata a banza yau, gobe zai yi jinkirin yarda. A ranar ce kuma jirgi marar matuƙi na wani mai son ɗaukar hoto ya huda fiffiken jirgin kwasar ruwa da lardin Kebek na Kanada ya turo, aka ajiye shi kwanaki yana jiran gyara wuta na ci.

Shi ya sa nake jin wani iri idan na ga 'yan siyasa na rububin sayen sababbin na'urori bayan kowace gobara. Na'ura tana da daɗin ƙaddamarwa, ana yanka kintinkiri a ɗauki hoto. Zaman da za a yi a rubuta sunan wanda zai danna maɓallin gargaɗi idan shugaba ba ya kusa, wannan ba ya shiga labarai. A daren nan mutane da yawa sun fi dogara da Watch Duty, manhajar wata ƙungiya mai zaman kanta, inda 'yan sa-kai ke sauraron rediyon 'yan kwana-kwana suna rubuta abin da suka ji nan take. Ba su da kyamarar da ta fi ta gwamnati. Tsakanin kunnensu da wayar jama'a ne kawai babu ofis.